Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

Akwai wata mas'ala ta ciniki wadda ta isa malamai su auna, 'yan kasuwa kuma su kasa kunne. Mutum ne ya sayar da aikin hannunsa tun bai san kimarsa ba, mai saye shi ma bai sani ba. An yi ciniki da yardar juna, an sa hannu a takarda, ba wanda ya tilasta wani. Bayan 'yan shekaru abin nan ya zama rijiyar kuɗi, mai saye yana ta ɗiba, mai sayarwa kuwa yana fama da neman na cefane har ranar da ya bar duniya. Cinikin ya cika sharuɗɗa, babu shakka. Amma ya yi adalci? Labarin wani gwanin kiɗa na Ingila, mai suna Samuel Coleridge-Taylor, ya fitar da wannan mas'ala fili ƙwarai da gaske.

An haife shi a Landan ran 15 ga Agusta, 1875. Ubansa, Likita Daniel Taylor, mutumin Saliyo ne, ya je Ingila karatu, ya komo Afirka ta Yamma tun ba a haifi yaron ba, ba su kuwa taɓa saduwa ba. Uwarsa Baturiya ce, ita ta rene shi a garin Croydon, kudu da Landan, cikin gidan talakawa. Tun yana ƙarami ya kama goge irin na Turawa. Cikin 1890, yana ɗan shekara 15, ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Landan, wadda a ke kira Royal College of Music, ya yi karatu gaban wani mashahurin malami, Charles Stanford.

Kafin a ci gaba, wajibi ne mai karatu ya fahimci yadda sana'ar nan ta ke wurin Turawa, domin a nan bakin zaren ya ke. Su kiɗa da waƙa rubuta su su ke yi. Suna da layuka biyar biyar da ɗige-ɗige bisansu, ko wane ɗigo yana nuna hawan murya ko saukarta da tsawon jan ta, kamar yadda wasali ke shiryar da harshen mai karatu. Saboda haka mai tsara kiɗa daban, makaɗi daban. Mai tsarawa ya kan zauna da alƙalami ya rubuta abin da mai goge da mai busa da mawaƙi ko wannensu zai yi, kamfanin ɗab'i ya buga, sa'an nan mutanen da ba su taɓa ganinsa ba su saya, su karanta, su yi. A wancan zamani kuwa da wuya a sami babban gari a Ingila wanda ba shi da ƙungiyar mawaƙa, wata ta kai mutum ɗari, wata ta fi, kuma ko wane mawaƙi sai ya riƙe littafinsa a hannu. Ashe waƙa guda in ta karɓu, kuɗinta yana cikin littattafan nan ne, yana hannun wanda ya mallaki ikon buga su.

Shekarar 1898 ita ce shekarar da tauraron saurayin nan ya fito. Da fari Edward Elgar, wanda daga baya ya zama babban masu tsara kiɗa na Ingila, ya yabe shi wurin masu shirya wani babban bikin kiɗa a garin Gloucester, aka ba shi aiki, ya yi, jama'a suka yaba. Sa'an nan ran 11 ga Nuwamba aka fara rera wata doguwar waƙa tasa mai suna Hiawatha's Wedding Feast, watau walimar auren Hiawatha. Baitocin na wani marubuci ne Ba'amurke, Longfellow, bisa labarin wani jarumi daga cikin mutanen asalin ƙasar Amurka, karin murya da kiɗan kuwa duk na Coleridge-Taylor ne. Malaminsa Stanford shi ya shugabanci makaɗa a daren. Nan da nan waƙar ta game Ingila, ta ƙetare teku.

To, amma tun kafin a san yadda za ta karɓu, ya riga ya sayar da ita ɗungurungum ga kamfanin ɗab'i na Novello, a kan gini 15. Gini guda sule 21 ne, watau jimla fam 15 da sule 15 ke nan. Shekarunsa 23 a sa'an nan, ba shi da gādo, ba shi da uban da zai tsaya masa, kuɗin kuwa a idon ɗalibi ba kaɗan ba ne. Kamfani ya sayar da littattafan waƙar fiye da dubu ɗari, shi ko anini bai ƙara shiga aljihunsa ba daga cikinsu, domin haka takarda ta ce.

Ta wajen suna, ya sami abin da ba a cika samu ba. Cikin 1900 ya halarci taron farko na haɗin kan baƙar fata da aka yi a Landan. Ya je Amurka sau uku, 1904 da 1906 da 1910, har Shugaba Theodore Roosevelt ya karɓe shi a fadarsa cikin tafiyar fari, a zamanin da baƙin mutum ba safai ya kan taka wurin nan ba. Baƙaƙen Amurka a birnin Washington suka kafa ƙungiyar mawaƙa suka sa mata sunansa. Sai dai suna ba ya biyan kuɗin haya. Ya yi aure cikin 1899, ya sami 'ya'ya biyu, tilas ya riƙa karɓar duk aikin da ya zo. Yana koyarwa a Trinity College of Music daga 1903, da makarantar Guildhall daga 1910. Yana shugabancin ƙungiyar mawaƙa ta Handel Society daga 1904. Yana hawa jirgin ƙasa gari gari, yana alƙalancin gasar waƙa.

Har ila yau ga aikin gidan wasan kwaikwayo. Wani babban mai shirya wasa a Landan, Herbert Beerbohm Tree, ya riƙa ɗaukarsa ya tsara kiɗan wasanninsa: Herod cikin 1900, Ulysses cikin 1902, Nero cikin 1906, Faust cikin 1908, daga baya kuma Othello. Wannan aiki ne mai wuya, ba kowa ya san wuyarsa ba. Mai tsara kiɗan wasa ba shi da ikon sakin alƙalaminsa yadda ya ga dama. Sarki zai shigo dandali, a ce a yi masa tāke gwargwadon takunsa daga ƙofa zuwa karaga. Za a sāke labule, a ce a cike tsakanin da kiɗa, kada ya gaza, kada ya zarce. In mai wasa ya yanke wani sashe daren jajibere, kiɗan da aka kwana ana rubutawa ya bi ruwa. Tela ne a ke kawo masa awo, ya ɗinka daidai jikin wani, a biya shi ladan ɗinki, ya jira wani yadin.

Haka ya yi ta yi, ba hutu, har ƙarshen Agusta 1912, ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgin ƙasa ta West Croydon. Ciwon huhu ne. Ran 1 ga Satumba ya rasu, yana da shekara 37. Mutane da yawa na ganin yawan aiki ne ya karya jikinsa har ciwon ya sami hanya. Da aka duba abin da ya bari, sai Ingila ta ji kunya. Aka yi taron kiɗa a babban zauren Royal Albert Hall don a tara wa iyalinsa taimako, Sarki Joji na Biyar kuma ya yanka wa matarsa fansho, fam 100 a shekara. A cikin zauren nan dai, tsakanin 1924 da 1939, kusan ko wace shekara aka riƙa yin wasan Hiawatha da ɗaruruwan mawaƙa, jama'a na cika wurin maƙil. Mai gona yana kabari, ana ta girbi.

Mai ciniki zai ce, to, ina laifin kamfani? Hujjarsa kuwa tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Kamfani shi ya zuba jari, ya sayi takarda da tawada, ya biya masu ɗab'i, alhali bai san ko waƙar za ta karɓu ba. Sau nawa ya kan buga littafi ya kwanta masa a kanti? Ribar guda ita ke rufe hasarar saura. Da waƙar ta faɗi, ai ba wanda zai ce saurayin ya mayar da fam 15 ɗin nan. Wanda ya ɗauki kasada shi ke da riba, wannan ƙa'ida ce da ko wane falke ya sani.

Gaskiya ne. Amma wannan hujja da kanta ita ke nuna inda cinikin ya karkace. In ba wanda ya san kimar kaya, yanke masa kuɗi gaba ɗaya ya zama kamar sayen kifi a ruwa, ɗaya zai ci, ɗaya zai yi kuka. Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce ta kaso: a ba mai aiki ɗan abin hannu, sa'an nan a yanka masa rabo cikin ko wane littafi da aka sayar, kamar yadda dillali ke samun la'ada gwargwadon abin da ya fita. In kaya ya kwanta, kamfani bai yi babbar hasara ba. In ya tafi, kowa ya sha romo. Bayan wannan kuma, masu cinikin nan biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kamfani yana da dukiya da sanin kasuwa, yana iya jira. Ɗalibi mai bukata ba ya iya jira, yardarsa kuwa yarda ce ta wanda ba shi da wata ƙofa. Kasada ma ai ba kamfani kaɗai ya yi ba, domin shi ya sa kuɗi, saurayin ya sa shekarun karatunsa da basirarsa. Kuma ko da takarda ba ta wajabta kome ba, mutumci ya isa ya sa wanda ya ga riba ta ninka ta sāke ninkawa ya waiwayi mai ita tun yana da rai.

Shi kansa ya ɗauki darasi, ya riƙa neman kaso cikin waɗansu ayyukansa na baya, sai dai babbar saniyar ta riga ta fita daga garke. Abokan sana'arsa ma sun ɗauka. Mutuwarsa ta ta da muhawara a Ingila bisa haƙƙin masu tsara kiɗa, tana kuwa cikin abubuwan da a kan ambata in ana zancen kafa ƙungiyar Performing Right Society cikin 1914. Aikin ƙungiyar nan shi ne ta karɓi kuɗi wurin masu yin kiɗan wani a bainar jama'a, ta raba wa masu haƙƙi. Abin da mutum ɗaya ya kāsa bi gari gari ya karɓa, taro ya iya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Saboda haka fa'idar labarin nan kashi biyu ce. Duk mai riƙe da alƙalami, ko littafi ya wallafa ko waƙa ya tsara, kada gaggawar ganin sunansa a bugu ta sa ya sayar da itace alhali 'ya'yan kaɗai ya yi nufin sayarwa. Ya karanta takarda, ya nemi shawarar wanda ya san ciniki, ya bar wa kansa da magadansa rabo, ko yaya ƙanƙantarsa. Mai jari kuma, in ya tarar da gwani cikin bukata, ya tuna fa cinikin da ya bar abokin ciniki yana cizon yatsa ba ya ƙara wa gida daraja. Fiye da shekara ɗari ke nan da rasuwar Coleridge-Taylor, har yau da wuya a ba da tarihinsa ba a ambaci fam 15 da sule 15 ɗin nan ba. Taimakon da aka tara wa marayunsa abin kirki ne, amma da an ba shi rabonsa tun yana raye, da ba a kai ga tara musu ba. Allah ya sa a gane. Wassalam.