Ba Daƙiƙi Ba Ne

A azuzuwan sakandarenmu akwai ɗalibin da ke gane darasi idan an yi bayani da baki, amma haruffa su rikice masa a takarda. Makarantar Tudun Maliki ta Kano ta makafi da kurame ce. Shi kuwa lalurarsa ba ta ganuwa, sai a kira shi daƙiƙi, bulala ta biyo baya. Buƙatarsa kaɗan ce: kujerar gaba, ƙarin lokaci a jarrabawa, da darasin gyara cikin ƙaramin rukuni. Jami'ar Bayero tana yaye malaman ilimi na musamman. Gwamnatocin jihohi su tura ɗaya kowace sakandare, a gano yaron tun aji ɗaya, kafin WAEC ta yanke masa hukunci.