Wasiƙa Daga Masar: Maƙwabtana Na Bayan Bango

Wannan karo labarin maƙwabtana zan ba ku, ko da yake kunnena ya fi idona saninsu.

Unguwar da nake zaune sunanta Arba wa Nus, watau huɗu da rabi, don tana wajen kilomita huɗu da rabi a kan hanyar da ta tashi daga Alƙahira zuwa Suwes. Sunanta na ainihi Izbat Hajjana. Gidajen jan bulo ne aka ɗora bisa juna ba tsari a gefen Madinat Nasr, kuma mutanen Sudan da yaƙi ya koro sun yawaita a ciki saboda arhar haya. Bango ɗaya ya raba ɗakina da na waɗansu Kirista 'yan ƙabilar Dinka daga Sudan ta Kudu, miji da mata da yara uku. Bangon nan kuwa ba ya riƙe asiri.

Jaririn ne ke buɗe fage, shi da ladan tare suke tashi. Sa'an nan in ji uwar tana lallashinsa da waƙar coci a hankali, tana kunna murhun gas. Can sai manyan biyu su farka, a soma gardama kan wanda zai fara shiga banɗaki da wanda ya ɓoye takalmin wani. In an zauna cin abinci sai kowa ya yi tsit, muryar uban kaɗai ke tashi yana addu'a da Dinkanci, kana a amsa da "Amin". Ƙaramin namijin kullum tasa Amin ɗin a makare take zuwa, da ƙarfi kuma, don ya tabbata an ji shi. Abin da na lura, uban na yi musu magana da harshen gida, su kuwa suna mayar masa da Larabcin Masar. Wanda ya haifi 'ya'ya a Kumasi ko Nima ya san wannan ciwo.

Babbar, mace ce, tana karatu a makarantar Bakhita da fada-fadan Komboni ke kula da ita a nan unguwar. Bakhita ɗin 'yar Darfur ce da aka sayar baiwa tun tana ƙarama, ta rasu a Italiya a 1947, Cocin Katolika ta sa ta cikin tsarkaka a 2000. Da yamma yarinyar nan takan tsayar da ƙaninta ta zama malama, da tsawa da komai, har ni ma na sake koyon bakaƙen Turanci ba da niyyata ba. Ran Juma'a ne suke ado su tafi coci, gama Lahadi ranar aiki ce a Masar. Kirsimeti kuwa biyu yaran ke ci: tasu ta 25 ga Disamba, da ta Kibɗawan da ke ƙasanmu ta 7 ga Janairu.

Ba zan ɓoye muku ba, da fari hayaniyar nan ta dame ni, har na yi shawarar sake ɗaki.

Ran nan, wata Talata, uban bai komo daga aiki ba. Katinsa na neman mafaka ya ƙare, yana jiran a sabunta, aka tare shi a hanya. Daga daren nan gidan ya mutu. Ba waƙa, ba gardama, ko ƙarar cokali ba na ji. Mai sayar da gas ya wuce yana buga tukunyarsa da ƙarfe, ba wanda ya leƙo ya kira shi. In jaririn ya soma kuka, nan take a toshe shi da nono. Sai na tuna abin da tsofaffinmu ke faɗi game da 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, yadda iyaye mata a zango suka riƙa hana yara wasa a ƙofar gida.

A rana ta uku na kasa haƙuri, na sayi gurasa na ƙwanƙwasa musu, karo na farko cikin shekara biyu. An daɗe ba a buɗe ba. Daga baya na ji ƙaramin yana raɗa wa uwarsa, "Ammo ne, mai tari." Ashe su ma bangon yana kai musu labarina. Uwar ta karɓa ta ce, "Allah ya saka, Ustaz," ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Kwana shida ya yi, mutanen cocinsu suka yi ta kai da kawowa har aka sake shi. Daren da ya komo an yi kuka, an yi waƙa, an buga bokiti a maimakon ganga har ƙarfe ɗaya, ba wanda ya yi ƙorafi a benen. Yanzu gardamar takalmi ta dawo yadda take. Sai dai har yau, in aka ji takun baƙo a matakala, ina jin malamar nan tana ce wa ƙaninta ya yi shiru.