Kafin ka sayar da tsohuwar kwamfutarka

Ma'aikaci a Gumel ko Maigatari yakan kunna kwamfuta ya zauna jiran ta tashi, alhali wutar lantarki ba ta jiran kowa. Sai a ce masa ta tsufa, ya tafi Kano ya sayo wata. Ban yarda ba. Galibi laifin faifan ajiya ne, mai juyawa sau 5,400 a minti. A musanya shi da SSD, sai ta tashi cikin daƙiƙu. Ƙarin RAM ya biyo baya, bayan an rage manhajojin da ke tashi tare da ita. Sai dai Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wadda ba za ta ɗauki Windows 11 ba, kada a kashe mata fiye da kuɗin SSD.