Mahayin Keke Da Zaɓen Tabarau

Da yake iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas, leɓɓa sun soma tsagewa, jar ƙura kuma ta soma kwanciya a kan tabarmin masallaci, muka ga ya dace a wannan karo mu yi magana a kan wani ɗan abu da yawancinmu ke ɗauka kayan gayu ne, alhali kuwa ga mai hawa keke yana iya zama tsakaninsa da makanta, wato tabarau.

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe a bakin hanyar da ta tashi daga Yendi zuwa Bimbila, ko wadda ta gangara daga Salaga zuwa Makango, ya san matsayin keke a wajenmu. Shi ne jakin manomi mai ɗauko doya, shi ke kai yara makarantar boko da safe da ta allo da yamma, a Bawku kuwa a kansa ake ɗaura buhun albasa a nufi kasuwa. Mata na hawa, dattawa na hawa. Amma idan mutum ya tsaya ya ƙidaya waɗanda suka kare idanunsu a cikin masu wucewa, da wuya ya cika yatsun hannu, kuma 'yan kaɗan ɗin da suka sa, mafi yawansu baƙin gilashi ne na tire, wanda aka zaɓa don ya yi kyau a fuska.

Abin da ya tayar mana da wannan magana shi ne abin da ya sami wani ɗan baffanmu, mahaddacin Alƙur'ani mai koyar da yara a wani ƙauye kusa da Yendi. Wata rana ya taso daga gona gab da magariba, yana sauri don ya riski jam'i, sai wata babbar mota ta wuce shi, ta bar shi cikin ƙura, ya ji wani abu ya faɗa masa a ido. Ya murza da hannun riga, ya ci gaba da tafiya. Da dare wata tsohuwa ta ɗiga masa ruwan sukari, washegari wani abokinsa ya sayo masa maganin ɗigawa ba tare da likita ya duba ba. Sai da aka kwana biyar, idon ya rufe, sannan aka kai shi Tamale, inda aka tarar ɗan ƙaiƙayin ciyawa ne ya ƙarce saman baƙin idon, wurin ya zama gyambo. An ceci ƙwayar idon, amma hakiya ta zauna, yau da ido ɗaya yake duba allon yara. Da muka je gaishe shi, ya ciro wani baƙin tabarau daga aljihu ya nuna mana, ya ce: "Malam ƙarami, ka ga wannan, yana aljihuna a lokacin. Na cire shi ne don duhu ya fara, ba na ganin ramuka."

Wannan zance nasa ya daɗe yana yi mana yawo a rai, domin a cikinsa kuskurenmu yake. Mun ɗauka tabarau maganin rana ne kurum. Amma abokan gabar idon mahayin keke a ƙasarmu, rana ɗaya ce daga cikinsu, kuma ba ita ce mai saurin ɓarna ba. Akwai ƙura da tsakuwar da tayar mota ke watsowa, akwai tokar ƙunar daji da ke yawo a iska duk tsawon hunturu, akwai ƙwari da ke tashi da almuru, musamman bayan ruwan farko, akwai kuma busasshiyar iska da ke ƙafar da ruwan ido har mutum ya riƙa jin kamar an zuba masa yashi. Yawancin waɗannan sun fi tsanani da asuba da magariba, daidai lokacin da baƙin gilashi ba ya sawuwa. Saboda haka, a ganinmu, wanda ƙarfinsa bai wuce tabarau ɗaya ba, to ya sayi fari garau marar launi, wanda zai iya sawa dare da rana. Baƙi shi ne na biyu, ga mai hali.

Abu na farko da za a duba shi ne abin da aka yi gilashin da shi. Na kwalba ba ya saurin ƙarcewa, amma idan tsakuwa ta same shi, ko mutum ya faɗi, yana iya tarwatsewa a fuska, garin neman gira a rasa ido. Na mahayi shi ne na wata roba mai tauri da ake kira folikabonet, wadda ba ta da nauyi, tana kuma jure bugu fiye da kwalba nesa ba kusa ba. Irinta ce ake yin tabarau na ma'aikatan gini da kafintoci da masu wasa ƙarfe da ita, kuma a shagunan kayan gini sau da yawa ana samun farinsa da rahusa fiye da na gayu. Kada wani ya raina shi don ba shi da ado. Sai dai a kula, baƙin gilashin masu walda daban yake, ba a hawa hanya da shi.

Sai siffa. Tabarau mai shafaffen gaba, irin na karatu, yana barin gefe a buɗe, ƙura kuwa ba ta gaba kaɗai take zuwa ba. A nemi mai lanƙwasa wanda ya zagayo gefen ido, wanda hannunsa bai yi faɗin da zai tare ganin gefe ba, domin da wutsiyar ido mahayi ke hango babur ɗin da zai wuce shi. A gwada shi tun a gaban mai sayarwa: a sunkuya kamar ana tuƙi, a girgiza kai. Idan ya zamo a karan hanci tun babu gumi, to a kan hanya da hannu ɗaya za a riƙa tuƙi, ɗaya na gyara tabarau. Sannan a ɗaga shi a dubi bakin ƙofa ko sandar wutar lantarki ta cikinsa, a motsa shi sama da ƙasa. Idan miƙaƙƙen abu ya karkace ko yana rawa, gilashin ba shi da kyau, zai sa ciwon kai, ya kuma ruɗar da mutum wajen auna zurfin rami.

Yanzu ga mai son baƙi saboda tafiyar tsakar rana. A nan akwai abin da ya kamata kowane magidanci ya fahimta, don shi ne aka fi cutar mutane da shi. A cikin hasken rana akwai wani sashi da ido ba ya gani, masana na kiransa UV, wanda yawan shansa shekara da shekaru yana cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido, da kuma naman nan da ke tsirowa daga gefen farin ido ya nufi baƙin, wanda ake yawan gani ga manoma da masunta. Duhun gilashi ba shi ke tare wannan haske ba. Farin folikabonet yana tare kusan dukansa, baƙin roba marar kyau kuwa yana iya barinsa ya wuce. Abin da ya fi muni ma, Allah Ya halicci 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido tana tsukewa a cikin haske, tana buɗewa a inuwa. Idan aka yi mata inuwar ƙarya da baƙin gilashi marar kariya, sai ta buɗe, hasken mai cutarwa ya ƙara samun hanya. Don haka a nemi mai alamar UV400. Mun san takardar da ake liƙawa ba ta da wuyar bugawa, shi ya sa ya fi kyau a saya a shagon masu gwajin ido, inda akwai wanda za a koma wa.

A cikin hannun tabarau na kirki akan sami lamba daga 0 zuwa 4, wadda ke nuna yawan duhunsa. 'Yan uwanmu na Togo da Burkina Faso masu sayayya a Sinkase za su ga irin wannan lamba, don ƙa'idar ɗaya ce. Lamba 0 shi ne fari ko kusa da fari. Lamba 2 ta dace da ranar hazo, lokacin da rana ke fitowa kamar faifai. Lamba 3 tana barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na haske ya shiga, ita ce ta zafin bazara. Lamba 4 kuwa an yi ta ne don masu hawan duwatsun ƙanƙara da makamantansu, ƙa'idar kanta ta hana tuƙi da ita. Akwai kuma ruwan ɗorawa da samari ke sawa da dare suna cewa yana ƙara gani. Ba ya ƙarawa. Duk gilashi mai launi rage haske yake yi, ko da ido ya ji daɗinsa.

Dattawanmu da suka haura arba'in, waɗanda ke sayen tabarau na karatu don duba Musahafi, su sani na kusa ne kawai, yana dusashe abin da ke nesa, bai kamata a hau keke da shi ba. Wanda kuma ya lura ba ya gane fuskar mutum sai ya matso, ko yaron da ke tsuke ido yana duban allon makaranta, wannan ba na tire yake bukata ba, gwaji yake bukata. Sashen ido na asibitin Presbyterian da ke Bawku ya daɗe da suna, har daga ƙetaren iyaka ake zuwa, akwai kuma babban asibitin koyarwa na Tamale. Ƙasar da ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2018 cewa ta kawar da cutar tirakoma daga cikin matsalolin lafiyar jama'a, abin kunya ne a ce 'ya'yanta na rasa ido saboda ƙaiƙayi.

Mun san abin da ke hana wasu iyaye saya wa 'ya'yansu. A zango, yaro mai baƙin gilashi ana yi masa kallon marar kunya, mu ma da muna yara ba mu isa mu ratsa ta gaban zauren mahaifinmu da shi ba. Dattawa suna da gaskiyarsu, domin wanda ya gaishe ka yana ɓoye idonsa bai cika gaisuwa ba. Amma gyaran wannan mai sauƙi ne: a koya wa yaro idan ya sauka daga keke don ya gaida na gaba, ya cire tabarau kamar yadda yake cire takalmi a ƙofar zaure. Fari kuwa ko wannan ba ya jawowa.

Wajen kula da shi, kada a goge ƙura a bushe da bakin riga, don ƙurar hunturu yashi ce, tana ƙarce roba, kuma gilashin da ya ƙarce yana watsa hasken fitilar mota da dare ya kashe ido. A ɗauraye shi da ruwan buta tukuna, sannan a tsane da tsumma mai laushi, a ajiye a cikin 'yar jaka, ba aljihu ɗaya da makulli ba. Idan kuma ƙaddara ta sa abu ya faɗa ido, a tsaya a gefen hanya, kada a murza, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa. Kada a ɗiga sukari ko nono ko ruwan ganye, kada a sa tozali, kada kuma a karɓi maganin ɗigawa daga hannun maƙwabci, domin akwai irin wanda ke kwantar da ja amma yana haɓaka gyambo. Idan abin ya kafe, ko an wayi gari da zafi da gudun haske, a nufi asibiti a ranar, ko da kuwa ranar kasuwa ce.