Kafin ka yi sha'awar masu kwana a kan teku

A makon jiya wani daga cikinmu ya ɗora bidiyon wasu ma'aurata Turawa da ke zaune a jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa. Sun yada zango a Las Palmas, suna shan shayi rana na faɗuwa. Kusan kowa ya rubuta cewa waɗannan su suka more duniya. Ni dai ina ganin mun yi sha'awar abin da bai kamata ba, mun bar wanda ya kamata.

Las Palmas birni ne a tsibirin Gran Kanariya, ƙarƙashin ƙasar Sifaniya, ko da yake tsibiran Kanari sun fi kusa da Maroko. Duk shekara a watan Nuwamba ƙananan jirage kan cika tashar garin suna shirin tsallaka Atilantika. Akwai ayarin da ake kira ARC, wanda Jimmy Cornell ya fara a 1986, da ke tashi daga nan zuwa tsibirin Saint Lucia a yankin Karibiyan. Tafiyar ta kai kimanin mil 2,700 na teku, yawanci kusan mako uku ba a ga ƙasa ba. Ba don daɗi suke jiran Nuwamba ba. Lokacin mahaukaciyar guguwa a wannan teku yana farawa ne daga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, shi ya sa suke haƙuri har ya wuce.

To yaya wuninsu yake a garin? Mai irin wannan jirgi yakan tashi da safe ya fara duba batir, domin wutarsa daga sola take, ko daga injin da ke shan man da zai saya. Firji, fitilu, na'urar nuna hanya da cajin waya duk a kan batir ɗin suke. Sai ya duba tankin ruwa. A jirgi mai tsawon mita 12, 'yan ɗaruruwan litoci ne kawai, da su za a sha, a dafa, a yi wanka. Da yawa sukan wanke kwanuka da ruwan teku, su ɗauraye da ɗan ruwan daɗi. In bai sami gurbi a tasha ba, dole ya saki anga a waje, ya riƙa shiga gari da ƙaramin kwale-kwalen roba. Ko burodi zai saya sai ya tuƙa. Da dare kuma in iska ta juya, sai ya tashi ya tabbatar angar ba ta kwance ba.

Sauran wunin gyara ne. Gishirin teku yana cin ƙarfe da waya, igiyoyi suna gogewa, famfon banɗaki yana toshewa, kuma babu makanikin da za a kira a tsakiyar ruwa. Shi ne mai gyaran wuta, shi ne mai gyaran famfo, shi ne tela in filafili ya yage. Idan suka dawo daga kasuwa, sukan bar kwalaye a bakin tasha saboda kyankyasai na yin ƙwai a cikinsu. Kayan miya a wanke, a shanya, a rataye a raga. Komai a ɗaure ko a kulle, domin gidan da kake ciki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mutum biyu ko huɗu a wurin da bai kai falon wasunmu ba, wata da watanni, ba inda za ka je in ranka ya ɓaci. Wannan ɓangaren bidiyo ba ya cika nuna shi.

Na san wani zai ce ai harkar masu kuɗi ce, me ya shafe mu? Akwai gaskiya a ciki. Jirgi kuɗi ne, inshora kuɗi ce, kuma fasfon da suke riƙe da shi yana buɗe musu ƙofofin da namu ba ya buɗewa. Ban musa ba. Amma kuɗi ba ya hana teku cin mutum, kuma su ma sun san haka. Shi ya sa masu shirya wannan ayari suke duba kowane jirgi kafin a tashi: rigar ceto, kwale-kwalen gaggawa, na'urar neman agaji. Mutumin da ke da komai yana kwashe makonni yana ƙirga ruwan sha da gwangwanin abinci, yana karanta hasashen yanayi, yana ɗaga tafiya in iska ba ta yi ba.

A nan ne abin ya taɓa ni. A wannan tekun dai, a kan hanyar waɗannan tsibiran, matasan Afirka ta Yamma suna tasowa daga Senegal, Gambiya da Muritaniya a kwale-kwalen kamun kifi, a cunkushe. A 2024 fiye da mutum 46,000 ne suka isa tsibiran Kanari ta wannan hanya, dubbai kuma sun halaka ba su isa ba. Ba na zagin su, wahala ce ta kore su, kuma masu safarar su ne suka fi laifi. Amma mu ma muna da 'yan uwan da hotunan Turai a waya suka ja su bin sahara. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Saboda haka idan za mu yi sha'awar masu jiragen nan, mu yi sha'awar lissafinsu. Sun san abin da suke da shi har zuwa lita ta ƙarshe, sun koyi gyara da hannunsu, kuma ba sa jin kunyar fasa tafiya. Wannan ba ya buƙatar jirgi ko fasfon Turai. Mai shirin buɗe shago, mai shirin aure da mai shirin barin gida duk suna iya yin sa.

Ina sauraron ra'ayoyinku, musamman masu ganin na yi tsauri. Allah Ya tsare matafiya a ruwa da tudu.