Wa Ke Da Lokacin Tsayawa a Layin Shinkafa?

'Yan'uwa masu karatu, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, gwamnati ta yi ta shelar agajin abinci. A watan Agusta na wannan shekarar aka amince a ba kowace jiha naira biliyan 5 da tirelolin shinkafa 5. A watan Oktoba kuma aka yi alkawarin naira 25,000 duk wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15. An sha magana a kan masu karkatar da kaya, kuma gaskiya ce. Amma mu abin da ya dame mu a yau shi ne, ko da an yi rabon da amana, yadda aka tsara shi yana tsallake mafi bukata.

Ku dubi lebura ko ɗan dako ko mai ga-ruwa. Abin da ya samu yau da shi za a ɗora tukunya yau. Idan aka ce ya je sakatariyar ƙaramar hukuma ya tsaya tun hantsi har la'asar, to an ce masa ya sayar da tuwon daren da yake da tabbas a kansa, ya sayi wataƙila. Mai hankali ba zai je ba. Manomi ma haka, in rabon ya faɗo a tsakiyar damina. Wanda zai iya wuni a layi shi ne mai albashi, ko mai yaran aike, ko wanda kansila ya san fuskarsa.

Sannan ga halin gidaje. Matar da ke takaba fa? Wadda ke jinyar tsohuwa ga goyo a baya fa, wa za ta bar wa gida? Kuma shi kansa wannan "gida" da ake ƙirgawa, ango da amaryarsa gida ne, magidanci mai mata uku da 'ya'ya ashirin da marayun ɗan'uwansa shi ma gida ne, alhali kason ɗaya ne. Wannan ba adalci ba ne, ko da an kira shi daidaito.

Har ila yau akwai sharaɗin lambar NIN, wadda samunta kan ci wa mutumin ƙauye kuɗin mota da kwanakin aiki. Ko a Legas, lokacin da hukumar kwastan ta sayar da buhu mai kilo 25 a kan naira 10,000 a Yaba cikin Fabrairun 2024, sai da aka nemi wannan lamba, kuma turmutsitsin da ya biyo baya ya ci rayuka har aka dakatar da sayarwar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Saboda haka muna kira ga gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi da su ƙirga bakuna maimakon ƙofofi, su mai da rabo cikin unguwanni bayan an tashi daga aiki, tare da masu unguwanni da amintattun dattawa a matsayin shaidu. Mai takaba da mai jinya da gajiyayye kuwa, a kai musu nasu har zaure, a kuma yarda wakilinsu ya sa hannu.