Wayar Salula Ta Kalli Injin CNC, Amma Kada a Ba Ta Birkinsa

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda aka kafa Kasuwar Kurmi a mulkinsa cikin ƙarni na 15, cikin birnin Kano matattara ce ta masu sana'ar hannu: maƙera, dukawa, masassaƙa da marina. Kayan aiki ne kawai ke sauyawa. A yau injin da kwamfuta ke sarrafawa, wato CNC, ya sauko daga manyan masana'antu, har matashi na iya yin odarsa daga Chana ko ya harhaɗa shi da kansa, ya riƙa sassaƙa ƙyauren ƙofa, yanka allon talla ko zana suna a jikin fata. Babban abin da ya kawo wannan sauƙi shi ne buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda kowa ke iya saukewa kyauta, ya duba yadda aka rubuta su, ya gyara yadda yake so.

Uku ne suka fi shahara. LinuxCNC ta samo asali ne daga wata manhaja mai suna EMC da hukumar NIST ta Amurka ta ƙirƙira a shekarun 1990, kuma a kan kwamfuta mai Linux take aiki. GRBL ta fito a 2009, tana zama a ɗan ƙaramin allon Arduino. Sai FluidNC, mai aiki a kan ESP32, wadda ke zuwa da Wi-Fi da shafinta na kanta, ta yadda mutum zai buɗe burauza a wayarsa ya ga maɓallan motsa injin gaba ɗaya. Ita ma LinuxCNC tana da hanyar karɓar umarni daga nesa mai suna linuxcncrsh.

A nan kwaɗayi ke shigowa. Aikin sassaƙa ƙofa guda na iya cin sa'o'i, ga ƙara ga ƙura. Maigidan shago zai so ya kunna injin ya wuce Ƙofar Ruwa sayo ƙarfe ko ya tafi masallaci, yana leƙa aikin a waya, yana ganin in wani abu ya taso zai danna "tsaya". Wannan tunani ne ya kamata a kashe tun bai yi jijiya ba. Waya ta aika fayil, ta nuna inda aiki ya kai, duk babu laifi. Tayar da injin da tsayar da shi na gaggawa kuwa dole su zauna a jikin injin, a hannun wanda ke tsaye kusa da shi.

Abin da lissafi ya nuna

Moton yanka irin mai ƙarfin kilowat 2.2 da aka saba gani a waɗannan injina yana juyawa har sau 24,000 a minti, wato sau 400 a daƙiƙa ɗaya. Injin da ke tafiyar mita 6 a minti yana cin santimita 10 a kowace daƙiƙa. Idan saƙon "tsaya" ya makara da daƙiƙa biyu kacal, bakin yankan ya riga ya ci santimita 20, tsawon da ya haura tafin hannun yaro.

Mai karatu ya lura cewa maɓallin "tsaya" na fuskar waya saƙo ne kawai. A GRBL, umarnin dakatar da tafiya alama ce guda ɗaya da ake aikawa zuwa allon. Kafin ta isa, sai wayar ba ta daskare ba, sai sabis bai yanke ba, sai Wi-Fi ya ratsa katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen cikin birni, sai kuma ita manhajar tana cikin hayyacinta. LinuxCNC na lissafa matsayin motocinta kusan sau 1,000 a daƙiƙa, shi ya sa take buƙatar Linux na musamman mai cika alƙawarin lokaci. Intanet ba ta taɓa yi wa kowa irin wannan alƙawari ba.

Saboda haka ne ƙa'idojin duniya irin su ISO 13850 da IEC 60204-1 suka tanadi maɓallin gaggawa ja a kan shimfiɗa rawaya, wanda in an danna shi yake maƙalewa har sai mutum ya sake shi da hannu, kuma sakinsa ba ya tayar da injin. Bayanan LinuxCNC da kansu sun gargaɗi masu amfani da ita da kada su dogara da manhaja kaɗai wajen kare rai.

Matsalolin da suka fi shafar cikin birni

Ta farko ita ce wuta. Duk mai shago a yankin KEDCO ya san ɗaukewa da dawowar wuta ba sa sallama. Injin da aka jona motonsa kai tsaye da makunni na iya tashi da kansa da zarar an kawo wuta ko an koma janareta, a daidai lokacin da yaron shago ya sa hannu yana share kwakwaf. Ga shi kuma yawancin ƙananan injina na manta inda bakin yanka yake idan wuta ta ɗauke, sai an sake mayar da su mafari. Wanda ya danna "ci gaba" daga nesa bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ta biyu ita ce yanayin wurin. Shago a cikin birni sau da yawa zaure ne ko ɗaki a bakin lungu, yara na shiga da fita, maƙwabta katanga ɗaya. Garin katako da injin leza da aka bari babu kowa kusa kayan gobara ne, kuma lungun da ko Adaidaita Sahu ke shiga da ƙyar, motar kashe gobara ba za ta shige shi ba. Masu harkar takalma irin na Ƙofar Wambai su ƙara da wannan: fatar roba ta PVC idan leza ta ƙona ta tana fitar da iska mai guba da ke cin huhu, tana kuma sa wa injin tsatsa.

Ta uku ita ce kutse. Saƙonnin linuxcncrsh a fili suke tafiya ba tare da an ɓoye su ba, kuma kalmomin sirrin da take zuwa da su suna rubuce a littafin bayaninta. Haka FluidNC ke zuwa da kalmar sirri sananniya. Idan injin na kan Wi-Fi ɗin da aka raba wa abokai da kwastomomi, kowannensu na iya kaiwa gare shi. Tsadaddun injina ma ba su tsira ba: a 2022 kamfanin Trend Micro ya gwada na'urorin sarrafa CNC na manyan kamfanoni huɗu, ya kuma samu hanyoyin yi musu kutse.

Abin da ya kamata a yi

Jan maɓalli ya yanke wutar motoci ta kwantakta, ba tare da ya bi ta kwamfuta ba. A yi haɗin ta yadda wuta ke ratsa maɓallin a kullum, domin idan kebul ya tsinke ko ɓera ya ci shi, injin ya tsaya da kansa. Kwantaktar ta kasance mai saki idan wuta ta ɗauke, kada ta koma sai an danna koren maɓalli da hannu. Duk mai gyaran wuta da ya taɓa haɗa famfon burtsatse ya san wannan haɗi. Murfin leza ya samu makunnin da ke kashe hasken da zarar an ɗaga shi. A jona injin da ƙasa yadda ya dace. A ware masa hanyar sadarwarsa shi kaɗai, a sauya kalmar sirri, kada kuma a buɗe shi ga intanet kai tsaye. A gwada jan maɓallin kowace safiya kafin a fara aiki.

Wani zai ce duk wannan ƙarin kuɗi ne ga mai ƙaramin jari, kuma amfanin injin ai shi ne ya yi aiki mutum na wani wuri. Maganar tsada tana da ƙamshin gaskiya, sai dai kwantakta da maɓalli biyu ba su kai ko kusa da kuɗin moton yanka guda ba, balle jinyar hannu a Asibitin Ƙashi na Dala. Batun barin injin shi kaɗai kuwa, masana'antun da ke yin haka sun rufe injinansu cikin akwati mai ƙofar da ke kashe su in an buɗe. Injin zaure ba shi da wannan.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan injin masu haɗari, amma ba a sa ran jami'an duba masana'antu su bi lungu-lungu. Nauyin yana kan masu sayar da injinan, masu haɗa su, da wuraren koyarwa irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, Jami'ar Bayero da hukumar ITF: haɗa maɓallin gaggawa ya zama darasin farko, kafin a koya wa ɗalibi jona injin da waya. Mai sayen injin kuma ya nemi a kashe kwamfutar ko a cire kebul ɗinta a gabansa, a danna jan maɓalli. Idan moton bai tsaya ba, kada ya biya kuɗi sai an gyara.